Abba Ya Ce Likitanci Kawai Zan Cike, Ni Kuma Fiziks Na Ba Ni Wuya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin Kano, ɓangaren kimiyya nake, shekarata 17. Tun ina firamare Abbanmu yake kira na Dakta, har 'yan unguwa sun ɗauka. Ya ce da an buɗe rajistar JAMB likitanci zan cike a Jami'ar Bayero, wato BUK, kuma ba zai bar ni in yi karatu a wajen Kano ba. Gaskiya ina ƙoƙari a Bayoloji da Kemistiri, amma Fiziks da ƙyar nake tsallakewa. Yayana ya sha zama JAMB yana neman likitancin nan bai samu ba, yanzu yana shagon Abba a Kantin Kwari, ko maganar makaranta ba ya son a yi masa. Ina tsoron kada in bi sahunsa, kuma ina jin nauyin in dubi Abba in ce ba zan iya ba. Ga shi sunan da ke kan NIN ɗina ya saɓa da na makaranta: a can sunan kakanmu aka sa a ƙarshe, a makaranta kuma sunan Abba. Ba ni da waya, amma wani mai kafen intanet a unguwarmu ya ce in kawo kuɗi kawai zai yi mini komai da layinsa, har ya ce yana da hanya a jami'a. Anti, ta ina zan fara?

Wata ɗaliba, daga Gwale.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi miki albarka da kika rubuto tun zangon farko bai ƙare ba. Yawancin masu irin tambayarki sai bayan sunaye sun fito babu nasu suke zuwa, lokacin da babu abin da ya rage mini sai ban haƙuri. Ke kuwa komai yana hannunki tukuna.

Na san maganar Abba ce ta hana ki barci, kuma a kanta zan daɗe. Amma bari mu fara kawar da abin da ba ya jira, wato sunan nan da mai kafen nan.

Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma ba bakinki take saurara ba wajen suna. Daga rumbun NIMC, hukumar da ke bayar da NIN, take kwaso sunanki da ranar haihuwarki, yadda suke a can haka za su hau takardunki. Makarantarku kuma da sunan da ke littafinta za ta shigar da ke WAEC da NECO. Idan aka bar abin haka, za ki wayi gari da takardun mutum biyu a hannu, mai makin JAMB daban, mai kiredit daban. A teburin tantancewa na jami'a ake gano wannan, kuma matsala ce da kan bi mutum har lokacin tafiya bautar ƙasa. Saboda haka cikin makon nan ki tattaro takardar haihuwarki, da shaidar gama firamare, da sakamakon aji uku, ki jera su da takardar NIN a gaban Abba. Ku tsayar da suna ɗaya, da rubutu ɗaya, harafi bayan harafi, ku duba ranar haihuwa ita ma. Sannan ki sami malamin da ke kula da jarrabawa a makarantarku kafin ya tura sunaye. Idan NIN ɗin ne za a gyara, a fara yanzu, domin gyaran yakan ɗauki lokaci kafin ya bayyana, kuma da an shiga kakar rajista kowa can zai nufa. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Tunda an fita yawon takardu, a haɗa da takardar shaidar 'yar ƙaramar hukuma, za a neme ta daga baya.

Layin mai kafe kuwa, a'a. Ban yarda ba, kuma ina so ki san dalili don ki iya kare kanki idan ya matsa. Ana fara rajista ne da tura kalmar NIN tare da lambobinki 11 zuwa 55019 ko 66019, sai a turo miki lambar furofayil. Daga wannan rana layin da aka tura saƙon da shi ya zama mabuɗinki: da shi za ki duba sakamako, ta nan saƙon JAMB zai riƙa zuwa, da shi za a gyara kalmar sirri idan ta ɓace. Duk wanda ke riƙe da layin, shi ke riƙe da ke. Yana iya canza wuri, layin yana iya ɓacewa, yana iya sa miki farashi duk ranar da kika buƙaci abu. Ki yi amfani da layin Umma ko na Abba, wanda ake kira da shi kullum, domin layin da aka jefa a durowa aka manta kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Ki tabbatar kuma ba wanda Yayanki ya yi tasa rajistar da shi ba ne, don lamba ɗaya ba ta yi wa mutum biyu. Ita rajistar ma ba a kafe ake yin ta ba, sai a cibiyar CBT, wato ta jarrabawa da kwamfuta, da hukumar ta amince da ita, ke da kanki, a ɗauki hotonki da zanen yatsunki. Wannan ya kawo ni ga abin da 'yan matanmu suke mantawa: lalle. Hukumar ta sha yin gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura karanta yatsa. Ko bikin wa ake yi, ki bar yatsunki fes tun makonni kafin rajista har a gama jarrabawa. Kuɗin ma ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A 2025 naira 7,200 ne, mai son jarrabawar gwaji kuma 8,700. Duk shekara hukumar tana sanar da nata, ki saurara daga bakinta.

Maganar yana da hanya a jami'a kuma, ki sani tun 2017 duk gurbin karatu na halas ta manhajar CAPS yake bi. Jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ke kuma ki shiga shafinki ki karɓa da hannunki. Wanda aka shigar da shi ta bayan gida yana iya yin shekaru yana zuwa aji, sai ranar da ake tattara sunayen masu bautar ƙasa a ce ba a san da zamansa ba.

To, mu koma kan Abba.

Kada ki ɗauki mahaifinki abokin hamayya. Mutumin da yake zaune a Kwari daga safe zuwa yamma, yana burin 'yarsa mace ta zama likita, ba ƙaramin uba ba ne. Ya ga yadda matanmu suke shan layi a asibiti suna fatan mace ce za ta duba su, yana so a ce daga gidansa aka sami ɗaya. Burin nan mai kyau ne. Abin da ba a taɓa zaunar da shi aka nuna masa ba shi ne yadda ake rabon guraben, kuma ina kyautata zaton da an nuna masa tun lokacin Yayanki, da labarin ya canza.

Ga yadda abin yake. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400. Mai neman likitanci Turanci zai zauna da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kowanne maki 100. Kin ga Fiziks ɗin da kike tsallakewa da ƙyar kashi ɗaya ne cikin huɗu na makinki, babu yadda za a yi a ɓoye shi. A 2025 mutum kusan miliyan 2 ne suka zauna, fiye da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 ba. A shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, kuma a nan iyaye da yawa suke ruɗewa. Su ji ɗansu ya ci 220, su ji an ce 150, su ce ai ya wuce da rata, idan bai samu ba sai a ce rashin hanya ne. Alhali 150 ɗin nan izinin a duba takardarka ne kawai. Kowace jami'a tana ɗora nata a kai, kowane kwas kuma da nasa. Shi likitanci ma ba jami'a ce kaɗai ke yanke yawan ɗalibansa ba. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce take ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta, kamar Asibitin Malam Aminu Kano ga BUK. Dubbai ne suke rububin kujerun da ba su taka kara sun karya ba, sai a jera su daga mai maki mafi yawa, a yanke inda kujeru suka ƙare.

Gaskiya ne ɗan Kano yana da 'yar rata a BUK. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da ake ganin an bari a baya a ilimin boko, kuma Kano tana cikin biyun ƙarshe. Amma ki tuna su waye 'yan Kanon da za ki kara da su: yaran kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da 'yan matan makarantun kimiyya, da na makarantun kuɗi, da waɗanda suka zauna bara da bara waccan suka dawo da shiri.

Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba, kuma ban ce ba za ki iya ba. Ni ban ga takardunki ba. Ke ma a gaskiya ba ki san iyakarki ba tukuna, domin da ƙyar a jarrabawar aji ba awo ba ne. Wani lokaci Fiziks yana ba ɗalibi wuya ne saboda an yi zango guda babu malami, ko saboda tushen Lissafinsa ne ya yi rauni, kuma wannan abu ne da wata uku na aiki tuƙuru yake gyarawa. Abin da nake so ki yi shi ne ki auna kanki da ma'aunin da za a auna ki da shi. Ki sami tambayoyin JAMB na shekarun baya. Ki zauna da agogo a gabanki, tambaya 180 cikin awa 2, Turanci 60, sauran 40-40, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Babu leƙen littafi, babu tashi. Ki ba wani ya duba miki, ki rubuta makin a bayan littafi da kwanan wata. Daga nan ki shiga Fiziks gadan-gadan, ki roƙi malaminku ko wata ƙawa da ta iya ta zauna da ke, ki bi manhajar JAMB babi-babi, kina maimaita gwajin nan duk mako biyu har ƙarshen hutun Disamba. Idan gida da hayaniya, ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello yana nan. A lokaci guda ki sa a tambayo miki, daga ɗaliban da suke ajin farko na likitanci yanzu, da wane maki suka shiga. Kafin a buɗe rajista, wadda a 'yan shekarun nan takan faɗo farkon shekara, za ki riƙe lambobi biyu a hannu: inda kike, da inda ake yankewa.

Idan makinki yana hawa har ya kusanci wurin, ki cike likitanci da zuciya ɗaya, ni ce ta farko da zan yi miki addu'a. Idan kuwa bayan duk wannan ƙoƙari tazarar tana nan da faɗi, to kada ki ƙona zaɓinki na farko a kan abin da kika riga kika ga amsarsa. Fom ɗin yana ba ki damar zaɓar makarantu da dama, amma manyan jami'o'i irin BUK wanda ya sa su a farko suke dubawa. Sakamakon JAMB kuma na shekara ɗaya ne, ba ya kwana. Abin da ya cinye shekarun Yayanki ke nan, ba rashin ƙwaƙwalwa ba.

Asibiti kuma ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. A BUK ɗin nan akwai digirin aikin jinya, da harhaɗa magunguna, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da gashin ƙashi, da ɗaukar hoton marasa lafiya, da duba lafiyar ido. Ba zan yaudare ki ba, waɗannan ma ana rububinsu, aikin jinya ma har ya kusa kamo likitanci wajen cunkoso, kuma dukkansu da Fiziks ake zama musu. Don haka su ma a tambayo makinsu. Ga wadda Bayoloji da Kemistiri suke mata daɗi akwai kimiyyar abinci mai gina jiki, da nazarin ƙananan ƙwayoyin halitta, da Bayokemistiri, da fannin noma. Jami'ar Northwest tana cikin gari, ta Aliko Dangote tana Wudil, duk ba ki bar jihar Kano ba. Kwalejojin jinya da ungozoma su ma yanzu ta JAMB ake bi, a 2025 an sa musu 140. Kin ga sharaɗin Abba na zama a Kano bai ƙuntata ki yadda kike zato ba, kuma ni ba zan ce ki yi jayayya da shi a kan wannan ba. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: za ki ji ana cewa ki shiga kowane kwas na kimiyya, idan kin yi shekara sai ki koma likitanci. Kada ki gina rayuwarki a kan wannan magana. Ki zaɓi abin da idan a cikinsa kika gama, ba za ki yi baƙin ciki ba. Kafin ki cike komai kuma ki buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB ki ga darussan da kwas ɗin yake buƙata a wannan makarantar takamaimai, domin kuskuren haɗa darussa yana kayar da mai maki da yawa.

Yadda za ki tunkari Abba kuwa, kada ki fara da ba zan iya ba. Wannan kalma ita ce za ta sa ya ji kamar kin sare tun ba a fara ba. Ki fara da Umma, ki nuna mata littafin makinki. Sannan ku nemi wanda Abba yake jin nauyinsa kuma ya san harkar, Baffa ne, ko Kawu, ko wani malami a unguwa da ya yi jami'a, ya zo ya zauna da shi bayan sallar isha'i lokacin da hankalinsa yake kwance. Ke kuma idan an kira ki, ki durƙusa ki ce, Abba, ina son in cika maka burinka, ga abin da nake ci, ga abin da ake nema, ka ba ni zuwa lokacin rajista in gwada iya ƙarfina, idan na kai in cike, idan ban kai ba ka zaɓa mini cikin waɗannan. Ki bar masa girmansa na mai yanke hukunci. Ɗan kasuwa ne, ya san ba a zuba jari inda lissafi bai fita ba, kuma idan ya ga lambobi a takarda zai fahimta fiye da yadda kike tsammani. Ku yi istihara ku duka.

Kada zafin JAMB ya sa ki saki WAEC da NECO. Kiredit biyar ake nema har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, kuma jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so ga mai neman likitanci. Na ga yara da makin JAMB mai ban sha'awa sun zauna a gida saboda Turanci ko Lissafi ya ƙi. Watannin za su zo miki a cunkushe: rajista a farkon shekara, azumi a tsakiyar shiri, JAMB cikin zafin Afrilu ko Mayu, WAEC tana biye, NECO kuma cikin damina. Ki tsara karatun azumi tun yanzu, bayan sahur ƙwaƙwalwa ta fi ɗauka. Idan da hali ki biya jarrabawar gwaji, musamman idan hannunki bai saba da kwamfuta ba. Ba wuya gare ta ba, da haruffan A zuwa D ake zaɓar amsa, N ta kai ki gaba, P ta dawo da ke, amma gara ki fara ganin wannan a ranar da ba a lissafa maki. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a kai ki cibiyar da ake ba da amsa, ki guje shi. Ban da haramcin abin, ana riƙe sakamakon cibiya sukutum, mai laifi da marar laifi.

Bayan jarrabawa aiki bai ƙare ba, kuma a nan ake yin sakaci. Za ki yi rajista ne a matsayin mai jiran sakamako, don haka da WAEC ko NECO ta fito sai ki koma cibiyar CBT a ɗora shi a shafinki na JAMB. Wanda bai ɗora ba, ko makinsa nawa ne, sunansa ba zai motsa a CAPS ba. Idan makin JAMB ya fito ƙasa da yadda kika so, akwai damar canza kwas ko makaranta, ki yi da wuri kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewarta. Ki riƙa leƙa shafinki a kai a kai, domin gurbin da aka ba ki yana da wa'adin karɓa. Kalmar sirrinki kuma daga ke sai Umma.

Idan shekarar ta zo da gardama duk da haka, ba a zama. Akwai IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, ana yi a kwalejin CAS nan Kano, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Akwai Kwalejin Fasaha ta jiha, akwai makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso. Ta fuskar kuɗi kuma, tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ku ajiye wannan a lissafinku idan an zo biyan kuɗin rajistar jami'a.

Yayanki kuma kada ki bar shi a baya. Sakamakonsa na WAEC ko NECO bai lalace ba, yana nan da ƙarfinsa. Wanda ya sha zama JAMB ya san tambayoyin nan fiye da kowa a gidanku, don haka shi za ki roƙa ya riƙa riƙe miki agogo yana duba miki gwajin. Kada ki yi masa wa'azin komawa makaranta, ki dai bar kundin kwasa-kwasan a inda zai gani. Idan Allah Ya sa ya waiwayo, layinsa da lambar furofayil ɗinsa na da suna nan, kuma akwai karatun wucin gadi a BUK da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda ba zai iya barin shago ba. Ranar da Baffa zai zo zama da Abba, a sa maganarsa a ciki.